Yadda Na Share Rubutun Baba Hedimasta

Wayar Baba Hedimasta tana da tsaga a kusurwar hagu, murfin bayanta kuma da roba ya ɗaure shi. Sau uku na riƙe wayar nan a hannuna cikin wata guda, kuma duk sau ukun ƙarya na yi masa.

A lokacin ina shekara ta biyu a kwalejin ilimi. Ina kwana a ɗakin wani ɗan uwanmu a Bacirawa, idan an kwana biyu in hau mota in koma ƙauyenmu a ƙasar Shanono. Ni ba mai magana ba ne. Tun ina firamare, idan aka yi baƙi a gidanmu bayan rumbu nake komawa da littafi. Abin da aka san ni da shi ɗaya ne, idan aka ba ni takarda sai na karanta ta har ƙasa, har da ƙananan rubutun da kowa ke tsallakewa.

Wani malaminmu na sakandare mai koyar da kwamfuta shi ya buɗe wa mutanen yankinmu abin da muke kira zaure. Irin dandalin sada zumuntar nan ne da ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba. Kowa na iya kafa nasa zauren ya shimfiɗa dokokinsa, amma akwai ƙofa tsakanin zaurukan. Kana zaune a naku za ka iya bin mutumin da ke wani zauren a ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba, ka karanta nasa ya karanta naka. Idan kuma masu wani zauren suka ga halinku bai yi musu ba, sai su toshe ƙofar da ke tsakaninku, kowa ya zauna da nasa.

Namu ƙarami ne. Malaman firamare ne da ɗalibai da 'yan manoman da 'ya'yansu suka saya musu waya. Sanarwar suna da ta rasuwa, hoton gonar da tsutsa ta shiga, tambayar ko an yi ruwa a wajenku, su ne yawancin abin da ake yi. Da aiki ya yi wa malamin namu yawa sai ya ba ni ikon kula da zauren. Ya ce, "Kai ne ko waƙafi ba ya wuce ka." Na ji daɗin maganar fiye da yadda na nuna. Dokokinsa layi huɗu ne, na zauna na mayar da su shafi biyu. Ban jin akwai wanda ya karanta su in ba ni ba.

Baba Hedimasta a unguwar da ke ƙetaren rafi yake. Kakanninsa Maguzawa ne, shi kuma Kirista ne tun yarinta. Shi ya koyar da mahaifina a firamare, kuma a cikin akwatin ƙarfensa na fara ganin littattafan da ba na makaranta ba. Yakan ara mini ɗaya, in na dawo da shi sai ya tambaye ni abin da ke shafin ƙarshe kafin ya ba ni wani. Bayan ya yi ritaya 'yarsa da ke aikin asibiti ta saya masa waya, ni na sa shi a zaure.

Da yatsa ɗaya yake rubutu, idan ya dawo daga gona da hantsi. Yana da yaya mace da ta girme shi da nisa, idonta ya tafi amma kanta garau. Sai ya zauna kusa da ita yana tambaya tana faɗa yana rubutawa. Sunayen dawa da geron da ake shukawa kafin a haife mu, waɗanda yanzu ko irinsu babu. Sunan kowace gona a gandunsu da dalilin sunan. Yadda ake adana irin wake a cikin toka, da irin tokar da ba a sawa. Kusan shekara uku yana wannan aikin. Na taɓa ce masa ya riƙa ajiye kwafe a takarda, sai ya nuna mini wasu tsofaffin littattafansa na rubutu da gara ta mayar ƙasa. Ya ce, "Na waya dai gara ba ta ci." Tsohuwar ta rasu da bazarar shekarar da nake ba da labari.

Akwai kuma Malam, limamin masallacin unguwarmu. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifin Baba Hedimasta ce, aure ya kawo ta wannan gefen rafin ta musulunta. Ke nan shi da Baba taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, kuma a wajenmu kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai. Babu irin tsiyar da ba sa yi wa juna. Baba ba ya kiran Malam da komai sai bawana. Malam kuma ya ce masa tsohon arne. A kasuwa suke yi, a wajen jana'iza ma sai sun ɗan taɓa, sannan su zauna a tabarma ɗaya su raba goro. Da aka sami zaure sai wasan ya biyo su ciki.

Baba zai rubuta, "Ina bawana? An ce malmala biyar ya tashi da ita a gidan suna, yana cewa wai albarka yake sa wa jariri."

Malam ya amsa, "Tsohon arne, hassada ce. Zo ka karɓi kalmar shahada in rage maka ɗaya."

Mutane su yi ta dariya a ƙasa. Ni ma ina yi.

Amma ni ina da wata rayuwar ta ƙofar nan da ke tsakanin zauruka. Akwai wani babban zaure na masu karatu, mutanen ƙasashe daban-daban, da Turanci ake magana. Nakan rubuta 'yan layuka a kan littafin da na karanta, su amsa mini. A can aka fara ce mini rubutuna yana da kyau. Wata malamar jami'a a cikinsu takan turo mini takardun da ba zan samu a laburarenmu ba. Su dokarsu mai tsauri ce. Ko hoton yankan rago ba a sawa sai an lulluɓe shi da gargaɗi. Ba sa yarda a ƙasƙantar da mutum saboda addininsa ko asalinsa, ko da wasa ne, domin a cikinsu akwai waɗanda irin wannan maganar ta kore su daga garuruwansu. Ina ganin girmansu ƙwarai. Ina kuma son su ga nawa.

Cika-ciki ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin da wasan taubasai ya fi zafi. Baba ya sa hoton Malam yana zaune a ƙofar gidansa, ya rubuta a ƙasa cewa gobe zai zo da igiya ya ɗaure bawansa ya kai shi kasuwar Shanono, ko akuya gurguwa aka ba shi ya sallama. Malam ya ba shi amsa daidai da shi. Wani ɗalibi ya ga abin ya ba shi dariya ya yaɗa, rubutun ya bi ta ƙofa ya faɗa babban zauren. Can injin fassara ya juya musu shi.

Ranar Juma'a da safe ina gida, ina zaune a gindin ɗorawar ƙofar gidanmu inda sabis ya fi kamawa, saƙo ya shigo daga wata mata cikin masu kula da babban zauren. Cikin ladabi ta rubuto. Ta ce mutanensu sun kawo ƙara a kan wani ɗan zaurenmu da ya sa hoton wani mutum yana kiransa bawa yana cewa zai sayar da shi. Ta ce in ba a ɗauki mataki cikin kwana uku ba, dole su toshe ƙofar da ke tsakaninmu. A layin ƙarshe ta yi tambaya. Ta ce ko akwai wani abu na al'adarmu a cikin maganar da ba su fahimta ba, in akwai in yi musu bayani.

Na fara rubuta bayanin. Sau uku ina rubutawa ina gogewa. Da Hausa abin a bayyane yake, yaro ma ya san shi. Da na juya shi Turanci sai na ga ina gaya wa malamar jami'a cewa a garinmu dattijo yana kiran ɗan uwansa bawa mu kuma muna dariya. Na hango yadda za su kalle mu. Gaskiyar magana, yadda za su kalle ni na hango.

Da na kira malaminmu mai zauren, da ya san abin yi. Ban kira ba, kada ya ce ɗan abin da ya ba ni ya fi ƙarfina. Gidan Baba kuma tafiyar da ba ta fi ta shan kunu ba ce, ka tsallaka rafi ka bi ta cikin gonakin gyaɗa. Amma ta yaya zan tsuguna gaban wanda ya koyar da ubana in ce masa ya goge maganarsa? Bakina ba zai iya ba. Yatsana kuwa ya iya.

Hanya biyu ke gabana a shafin masu kula. Ɗaya ta ɓoye rubutun mutum daga idon waɗanda ba sa binsa, ya ci gaba da harkarsa. Ɗaya ta dakatar da shi gaba ɗaya. Na zaɓi ta biyun don ita ce za su gani nan take su san mu ma muna da doka. A ƙarƙashinta akwai ɗan ƙaramin rubutu cewa bayan kwana talatin duk abin da mutumin ya taɓa sawa zai goge, ba ya dawowa. Na karanta shi. Na ce a raina mako ɗaya kawai, ƙura ta lafa in buɗe masa. Na rubuta wa matar layi ɗaya, cewa mun ɗauki mataki. Tambayarta ban taɓa ta ba.

Malam ban dakatar da shi ba, alhali kalmar da ya yi amfani da ita ta fi muni a idon mutanen can. Na gaya wa kaina ai ba a kawo ƙararsa ba. Amma na san ɗayan dalilin. Malam a bayansa muke sallah, abokin mahaifina ne, in na taɓa shi kafin la'asar maganar ta iso tsakar gidanmu. Baba yana ƙetaren rafi.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci sai ga shi a kan kekensa. Na fito na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗan boko, duba mini abin nan," in ji shi, yana zaro wayar daga aljihun gaba. "Tun shekaranjiya take cewa wai an hana ni shiga. Wa ya hana ni? Ko bawana ne ya kai ƙarata wajen Turawa?"

Ya yi dariya. Na karɓi wayar da hannu biyu, na danna nan na danna can.

"Injin ne, Baba. Yakan yi haka da kansa wani lokaci. Zan duba."

"To duba da kyau. Akwai abin da na tuno na Yaya a kan maiwa, kada ya gudu."

Mahaifiyata ta aiko masa da fura. Ya sha, ya sa mini albarka, ya hau kekensa.

Mako ya cika ban buɗe ba. In na buɗe, sai in goge rubutun igiyar nan, in na goge zai tambaya, ko kuma ya sake rubuta wani irinsa. Kowace hanya na bi sai ta kai ni gaban Baba ina bayani. Yanzu kuma ga ƙarya a kai. Karo na biyu a tashar mota ya gan ni zan koma makaranta, ya miƙo wayar ta taga, na ce ana kan gyara. Karo na uku a ƙofar gidan Malam na same su tare, suna cin gyaɗa sabuwar tono.

Malam ya ce, "Kai, zo nan. Wai ina ubangidan nawa na ƙarya ya shiga ne? Na yi masa magana uku a zaure shiru. Ko tsoro ne?"

"Tsoron wa? Ka bari yaron nan ya gyara mini, sai na sayar da kai har da carbinka."

"Wa zai saya daga hannun wanda ko waya ta ƙi shi?"

Na tsaya ina murmushi da wayar a hannuna. Na ce saura kaɗan.

Na rubuta ranar da kwana talatin za su cika a bangon littafina, na ja layi biyu a ƙasa. Jarrabawa ta zo, na ce bari in gama. Na gama na dawo gida saura kwana biyu, na ce gobe da safe. Da yammacin ranar aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, sabis ya ɗauke a duk yankinmu. Washegari bai dawo ba. Ranar da ta biyo na ari keken ƙanena na tafi Shanono, na tsaya a bakin kasuwa na buɗe shafin. Sunan Baba yana nan. Ƙarƙashin sunan babu komai. Ba zan ɗora wa ruwan sama laifi ba. Kwana ashirin da takwas rana tana fitowa, sabis yana nan a gindin ɗorawa.

Kwana biyu na yi a gida. A rana ta uku na tsallaka rafi da hantsi. Gero ya fitar da kai, na sami Baba a gefen gonarsa yana yankar wa awaki ciyawa. Na tsuguna. Ban ɗaga kai ba har na gama, tun daga saƙon matar har zuwa bakin kasuwar Shanono.

Ya ajiye laujen a kan ciyawar.

"Har da na Yaya?"

"Har da shi, Baba."

Ya juya ya kalli gonar. Wata akuya tana ta kuka daga cikin gida.

"Su mutanen nan, sun tambaye ka ko mene ne tsakanina da shi?"

"Sun tambaya."

"Ka ce musu me?"

"Ban ce komai ba."

"To ai ba su suka kore ni ba ke nan." Ya ɗauki laujen ya duba bakinsa. "Kunyarmu ka ji."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ɗaure ciyawar, na miƙe zan ɗaukar masa, ya ce in bari, ba ta da nauyi.

Da yamma Malam ya aiko a kira ni. Na zaci wa'azi zai yi mini a kan ƙarya, kuma ya yi, gajere. Sannan ya ce, "Ni abin da ban gane ba, ni aka ce za a kai kasuwa. Gidana ga shi ga naku. Me ya hana ka zo ka tambaye ni ko an ɓata mini rai?" A cikin kwana talatin ɗin nan ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba.

Na rubuta wa matar bayanin da ya kamata in rubuta tun ranar Juma'ar nan. Bai fi layi goma ba. Ta amsa da cewa da sun sani, da roƙo kawai za su yi a riƙa lulluɓe irin wannan wasan da gargaɗi saboda mutanensu, kuma ta yi baƙin cikin abin da ya faru. Na tambaye ta ko akwai kwafen rubutunsa a wajensu. Ta ce ranar da muka dakatar da shi nasu ma ya share. Na bi mutanen zaurenmu ɗaya bayan ɗaya. Wani malamin firamare ya taɓa ɗaukar hoton bayanin tokar wake. Wata ɗaliba tana da sunayen gonaki guda shida. Abin da na samu ke nan daga aikin shekara uku.

Na kai wa malaminmu mai zauren ikon da ya ba ni na ce ya karɓa. Ya ƙi. Ya ce wanda ya taɓa ƙonewa ya fi sanin wuta. Har yau ni ke kula da zauren, kuma yanzu in ƙara ta zo takalmina nake fara nema. Na buɗe wa Baba sabon shafi, bai taɓa shiga ba. Malam ma ya daina rubutu. Tsofaffin amsoshinsa suna nan a rataye, yana tsokanar wanda ba a gani.

Duk Asabar ɗin da nake gida nakan tafi ƙetaren rafi da babban littafin rubutu mai bango mai kauri. Baba bai ce in zo ba, bai kuma ce kada in zo ba. Ya dai fara shimfiɗa tabarma ta biyu. Yana faɗa ina rubutawa, in na koma in kwafe a wani littafin in ajiye a cikin leda saboda gara. Abin da ya sani da kansa yana dawowa. Na bakin yayarsa ne ke yi masa gardama, domin ya ce da ya rubuta su sai ya sake su, ya bar wa waya ta riƙe.

Akwai wata jar dawa mai saurin nuna da ta ce uwarsu tana shukawa a bayan gida saboda yunwar tsakiyar damina. Ya tuna launinta, ya tuna tuwonta yana da ɗan ɗaci. Sunan ne ya tafi. Mun tambayi tsofaffi uku, kowa da abin da yake faɗa, Baba ya ce duk ba shi ba ne. Asabar ɗin da ta wuce ma ya rufe ido yana motsa leɓe, na riƙe biro ina jira. Can ya buɗe ido.

"Bar layin a buɗe," in ji shi. "Mu je gaba."

Na bar shi. A littafin yanzu irin waɗannan layukan sun kai goma sha ɗaya.